Kusa da Salamatu

"Kusa da Salamatu za ku sa ni, Uba."

Baba Rufa'i ne ya faɗa mini haka, yana kwance a zaurensa, ƙafafu sun kumbura. Katanga ɗaya ta raba mu a Burumburum, kuma ni ke haƙa kabari a unguwarmu, shi ya sa ya aika aka kira ni.

Na ce, "Baba, ka fi ni sanin wurin nan. Kafin rami ya kai gwiwa ruwa ya tsattsafo, ko da rani ne."

Tsohuwar maƙabartar tana gangaren rafi. Matarsa Salamatu ce ta ƙarshe da aka binne a can, ina saurayi. Da ƙwarya muka riƙa kwalfe ruwa kafin a sa ta. Daga nan dattawa suka hana, aka koma tudu.

"Wancan zamani ya wuce," in ji shi. "Ni da na tsufa ina jan jigo ina ban ruwa a bakin rafin nan za ka gaya wa? Tun farin da aka yi a tamanin da uku nake ƙara wa guga igiya. Na ce da mai gari a haƙa rijiya mai zurfi tun da wuri, ya ce damina ɗaya za ta gyara komai."

Tsohon akwai kafiya. Na ce masa to, don dai ya huta. A raina na san sara kaɗan za mu yi mu ga laima, mu koma tudu, ni kuma na fita haƙƙinsa.

Ranar wata Talata da hantsi ya cika. Na ɗauki diga, Dikko makiyayi ya biyo ni da shebur. Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, ko dawa ba a yanka ba.

Muka kai gwiwa. Muka kai ƙugu. Na sari ƙaramin ramin da ake kwantar da mamaci, na durƙusa na damƙi ƙasar can ƙasa. Ta zube ta tsakanin yatsuna kamar gari. Wallahi na so a ce tsohon bai yi gaskiya ba.

Dikko ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya dubi rafin.

"Gobe zan kaɗa shanuna kudu," ya ce a hankali.

Muka sa Baba kusa da matarsa. Da aka zo kwaɓa ƙasar da za a liƙe itatuwan kabari, sai da aka aika gida a kawo ruwa. Muna tsaye a bakin rafin da ya ƙafe, muna jiran tulu.