Sawuna a Matakala ta Tara

Daren jiya ina kwanciya mafarki ya ɗauke ni, ni Nomau, da katanga ta faɗo wa har sau biyu ta gaji ta ƙyale. Sai ga ni a ƙofar tsohon filin ƙwallon jami'a, cikin baƙin da za a zagaya da su. Rana tsaka ce, inuwar kowa ta riga shi shiga tana gaisawa da mutane.

Jagorarmu wata zabuwa ce, da rigar digiri da tabarau.

"Filin nan shekararsa sittin," in ji ta. "Kada wanda ya taka ciyawa, azumi take."

Muka wuce. Ƙwallo ce ke korar 'yan wasa, suna gudu suna ba ta haƙuri. Ragar gabas ta tafi shan ruwa, mai tsaron gida na zaune yana jiran ta.

Sai ga mu gaban wani allon tagulla. Zabuwa ta ce ga sunayen waɗanda suka gina filin, ta shiga karantowa: farfesa wane, injiniya wane. Ni ko wuni ɗaya ban yi a aji ba, amma kunnena ya fi na masu digiri. Ta kai ƙarshe, babu Nomau.

Na ce, "'Yar nan, sake karantawa. Kin tsallake ni."

"Baba, wace takarda gare ka?"

"Takarda? Kwanon kankare ɗari nake hawa da shi sama a wuni, ko gammo babu. Farfesan naki ko cokali ya ɗauka?"

Baƙi suka kwashe da dariya. Ta ce in dai babu shaida, cikin 'yan kallo za a rubuta ni. Ɗan kallo, a ginin da na ɗauka da kaina!

Sai na tuɓe takalmi. Mu leburori, in aka zuba kankare, kafin oga ya juyo kowa kan dangwala ƙafarsa a wani lungu. Na hau wurin zaman 'yan kallo, baƙi na biye. A matakala ta tara ga sawu mai yatsu huɗu, don na biyar bulo ya cinye shi a aikin nan. Na sa ƙafa, ta zauna daram.

Matakalar ta yi gyaran murya. "Nomau! Ashe kana raye?"

"Yo wa ya isa?"

"Ina abokan aikinka, Jatau da su Barau?"

"Duk sun riga mu gidan gaskiya."

"To faɗi sunayensu, a sa su tare da kai."

Ina faɗa, zabuwa na sassaƙawa a allon da bakinta, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Na buɗe ido. Ashe maƙwabcina ne, mai gyaran babur, yake dukan ƙarfe a bayan ɗakina. Na leƙa ta taga na ce, "Ci gaba, ɗan nan. Saura mutum uku."