Awo Daga Kan Keke

Da kanta ta sauke keken guragun daga bayan mota. Ta tura shi cikin yashi, ƙafarsa ta hagu tana ƙara kamar yadda ta saba, har bakin ginin gidan kula da tsofaffin. Leburori suka dakata da kwaɓa siminti suna kallo.

"A'a, Injiniya!" in ji ɗan kwangila, yana gyara zaman hularsa. "Ba a buɗe gida ba har kin kawo mana baƙon farko? Ko ke ce kika gaji da tsayuwa?"

Aka kwashe da dariya.

Wata biyar ke nan tana haɗiye irin wannan. Ita ta zana hanyar wuta da ta ruwa na ɗakuna ashirin da huɗu. Ita ta yi ta jeka-ka-dawo a ofishin lantarki da na ruwa har aka amince da layin da za a janyo. Ta bi ɗaki ɗaki da alli tana sa alama inda soket da makunni da famfo za su zauna. Washegari ta tarar an goge allin. Ɗan kwangila ya sa an sassaƙe bango yadda ya saba: soket can ƙasa dab da daɓe, makunni sama daidai kafaɗar mutum a tsaye, famfo a lungu bayan ƙofar banɗaki. Ta yi magana, ya ce, "Yarinya, kina goye nake ja wa mutane wuta."

Gaskiya ya faɗa. A shagon babanta ya koyi riƙe filaya. Da ɓarin jikin Baba ya shanye, shi ya kwashe masu kawo aiki gaba ɗaya ya buɗe nasa wurin. Shekara shida Baba ya yi a zaune a keken guragu, ita ke ɗaga shi, ita ke yi masa wanka kafin ta tafi lacca. Mutumin nan ko sau ɗaya bai leƙo ba. Da Baba ya rasu, ko gaisuwar mutuwa ɗan aike ya turo.

Yanzu kuma ya rubuta wa gidauniyar da ke gina gidan cewa zanen yarinyar nan yana jawo jinkiri, a canja ta. Yau Hajiya, shugabar gidauniyar, za ta zo ta yanke wanda zai ci gaba da aikin.

Hajiya ta iso da hantsi, ta zaga ɗaki biyu, ɗan kwangila yana gaba yana zuba bayani.

"Ranki ya daɗe, gida ɗari na yi a haka. Takarda daban, aiki daban."

"Ke fa, me kika ce?" Hajiya ta juyo.

"Ba ni da dogon zance, Hajiya. Alfarma ɗaya nake roƙo. Kawu ya zauna a keken nan ya kunna mana fitila."

Tun tana ƙarama Kawu take ce masa. Yau ta ja kalmar kamar mai wasa wuƙa.

"Ni? Allah ya kiyaye! Da ƙafata?"

"Zauna mana," in ji Hajiya. "Ai ba cizo yake yi ba."

Ya zauna yana yaƙe. Injiniya ta sunkuya ta ɗauki hannunsa na dama ta ɗora masa a cinya.

"Wannan ya mutu. Da na hagu za ka yi."

Ya tura keken da hannu ɗaya, keken ya juya da shi ya fuskanci taga. Wani birkila ya tuntsire da dariya, ya toshe baki da hula. Da kyar ɗan kwangila ya kai jikin bango. Ya miƙa hannu, ya yi ɗage, yatsunsa suka tsaya taƙi guda ƙasa da ramin makunnin.

"To bar fitilar. Sa mana cajin waya."

Ya sunkuya wajen soket, keken ya ɗaga ta baya. Da ba don birkilan ya cafke shi ba, da goshinsa ya sha ƙasa.

"Saura famfo, Kawu. Tsoho yana son ya wanke hannu."

Ƙofar banɗakin ta tokare ƙafar keken. Ya ja baya, ya sake gwadawa, ya sake. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Babu mai dariya yanzu.

Hajiya ta daɗe tana kallon bangon. "Ɗaki nawa aka yi haka?"

"Duka," in ji Injiniya.

"To. Aiki naki ne. In kin ce a sallame shi, yau zan sallame shi."

Injiniya ta dube shi a zaune, kansa daidai ƙugunta. Shekara takwas tana tanadin maganar da za ta faɗa masa, yanzu ko ɗaya ba ta ga amfaninta ba.

"A bar shi, Hajiya. Ya iya aiki, na san wanda ya koya masa. Shi zai toshe ramukan, ya sake sassaƙa. Amma kowane ɗaki sai ya zauna a keken ya taɓa wurin da hannunsa kafin in sa hannu."

Da Hajiya ta fita, ya miƙe yana karkaɗe riga, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ina kika samo wannan tsohon keken?"

"Ba ka gane shi ba?" Ta sa bakin gyalenta ta goge inda hannunsa ya taɓa. "Ina za ka gane shi. Ai ba ka taɓa zuwa ba."

Ta ciro alli daga jaka ta miƙa masa.

"Ɗaki na ɗaya, Kawu. Saura ashirin da uku."