Matakalar Iya Fanta

Motar Modu doguwa ce, kuma shi ya so ta haka. Katkat ce, irin motar shiga daji mai manyan tayu, ya sa an ƙara ɗaga ta saboda rairayin hanyar Tirmini da Dakusa, inda yake zuwa sayen gero da wake ranakun kasuwa. Ta ɗauki abokai, ta ɗauki maƙwabta, har rago ta ɗauka. Mutum ɗaya ne bai taɓa shigarta ba, mahaifiyarsa Iya Fanta.

Gwiwa ce ta hana ta. Sau ɗaya Modu ya yi gangancin cewa, "Iya, bari in ɗaga ki mana, ai ba ki da nauyi." Ta yi masa kallon da har yau in ya tuna sai ya sosa ƙeya. Iya Fanta mace ce da ko ruwa ba ta so a miƙo mata in tana iya tashi.

Sai ga labari yayarta Habiba ta dawo daga Makka, tana gida a Damagaram Takaya ana ta zuwa yi mata barka. Shekara uku rabon da su haɗu. Ruwan farkon damina kuwa ya ɓata hanyar da ke kaiwa unguwar Habiba, ƙaramar mota ba ta shiga.

"Ina so in ga Yaya," in ji Iya Fanta. "Amma da ƙafata zan hau, da ƙafata zan sauka. In ba haka ba, ka kai mata gaisuwata."

Modu ya san ba wasa take ba, ya kuma san in ba ta je ba abin zai ci ta har ƙarshen shekara. Washegari ya sayo matakalun ƙarfe guda biyu, dogaye, irin waɗanda ake ɗaura wa gefen mota ƙarƙashin ƙofa. Ya kai wa Suma'ila mai walda, ƙaton mutum mai gemu, wanda garejinsa ke manne da gidansa. Suma'ila ya shimfiɗa kwali ya kwanta ƙarƙashin motar, ya kafe ƙarafan riƙo a jikin shasi, wato ƙarfen gindin motar, ya ɗora matakalun ya ɗaure tamau. Modu ya taka ya hau, ya sauko, ya sake hawa har da ɗan tsalle. Ya koma gida yana hon tun daga bakin lungu.

Iya Fanta ta fito, ta zagaya motar, ta yaba. Ta dafa ƙofa ta ɗaga ƙafa. Zaninta, wanda ta ɗaura har idon sawu kamar kullum, ya riƙe ƙafar tun ba ta kai rabin hanya ba.

"Wa ya gwada wannan abu?"

"Ni, Iya."

"Da wando," ta ce, ta koma ciki abinta.

Kunya ta kama Modu. Shekara arba'in yana ganin mahaifiyarsa cikin zani, bai taɓa lura da iyakar inda zani ke barin ƙafa ta kai ba. Ya juya motar zuwa gareji.

"Malam Suma'ila, saukar da ita ƙasa."

"In na saukar, Alhaji, kafin ku yi rabin hanya ka baro ta a rami. Me ya sa aka ɗaga motar tun farko?"

Suna tsaye kowa ya riƙe haɓa sai ga Lubabatu, matar Suma'ila, ta kawo abincin rana. Ta ji zancen, ta ajiye kwano ta yi dariya har da dafa bango.

"To ke ki gwada mana," in ji mijinta.

"A bakin titi? Ni ma ina da nawa mutuncin. Tsaya."

Ta shiga gida ta fito da zani mai manyan furanni rawaya. Kafin Suma'ila ya gane inda aka dosa ta nannaɗa masa a kan wandon aiki, ta ja ta soke irin ɗaurin dattijai.

"Hau. Kuma ban da ɗagewa, Iya ba za ta ɗage ba."

Suma'ila ya ɗaga ƙafa, ya yi tangal-tangal, ya rungume madubin mota. Masu kabu-kabu suka tsaya kallo, mai shayin ƙetaren titi ya bar tukunyarsa. Shi kuwa da ya ga an riga an gan shi, sai ya mai da abin aiki. Ya sa aka ajiye bulo ɗaya a ƙasa, ya taka, daga nan ya taka matakalar, ya shige mota ba tare da zanin ya motsa ba.

"Wannan ne tsayin," ya ce, ya auna da igiya.

Bai kwance zanin ba sai da zai kunna wutar walda. Ya yanko guntun ƙarfe mai faɗi, ya liƙa shi ƙarƙashin matakalar da maratayi, yadda zai sauko in za a hau, a naɗe shi sama a danna sakata in za a shiga rairayi. Lubabatu ta ce a sa abin kamawa a jikin ƙofa daidai kafaɗar mace, aka sa.

Ranar Alhamis da hantsi Iya Fanta ta taka matakalar ƙasa, ta taka ta sama, ta zauna ta gyara mayafi. Sai da suka fita gari Modu ya ji tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa da Barbarci, yarensu na gida, abin da ya daɗe bai ji ba. Daɗi ya cika shi har ya manta da ramin farko.

Sun iske ƙofar gidan Habiba cike da 'yan barka. Modu ya zagayo ya zare sakata, ƙaramar matakalar ta sauko. Sai ya ja baya ya harɗe hannuwansa a bayansa, don kada su yi gangancin miƙa mata taimako. Iya Fanta ta kama ƙarfen ƙofa, ta sauko ɗaya, ta sauko biyu, ta tsaya a ƙasa.

Habiba ta fito zaure cikin farin mayafi, a bayanta jikokinta biyu riƙe da kujera.

"Fanta, na sa a kawo kujera a ɗauko ki."

"Zauna a kai, Yaya," in ji Iya Fanta, hawaye na zubo mata tana dariya. "Ke kika sha tafiya."

Ta ratsa taron a hankali, ba ta dafa kowa ba sai da ta kai kafaɗar yayarta.