Sarkin Kalme

Shekara talatin da ɗoriya ina yi wa Shaihu na Horo Birni amshi, ban taɓa jin waƙa ta tayar mini da zuciya ba sai bara. Mu mawaƙan noma ne. In an kira gayya, Shaihu yana gaba da gangarsa, ni Haliru ina bayansa ina karɓa, mazaje suna duƙe suna aiki. Ba mu san sitidiyo ba, shi ma bai san mu ba, kowa yana zaman lafiyarsa.

Sai wani gidan rediyo a Sakkwato ya ɓullo da shiri wai shi Zakaran Karkara. Kowace Asabar da la'asar sukan jero waƙoƙi goma da suke kira na ƙauye, masu sauraro su aika saƙo ta waya, wadda ta fi samun saƙo ta hau sama. A ƙofar gidan Shaihu muke saurare, shi don yana son jin abin da yara suke yi, ni kuwa don in samu abin tsaki.

Kuma na samu. Janairu da Fabrairu wata waƙa ce ta riƙe sama, wai "Albasar Zuciyata". Mutum ya rasa abin da zai kwatanta budurwarsa da shi sai albasa. Da ya taɓa shiga rumbun da albasa ta ruɓe a ciki, da bai yi wa 'yar mutane wannan cin fuskar ba. A Maris wani ya zo da ta tarakta mai na'urar sanyi, wai zai ɗauki masoyiyarsa su zaga gona. A Afrilu aka yi ta shanu, har da kukan saniya da aka haɗa da kwamfuta. Wani Bafulatani maƙwabcinmu ya saurara, ya ce in tasa ce ta yi wannan kukan, wuƙa zai nema tun ba ta mutu mushe ba.

Duk wannan dariya ce. Abin da ya zo a Yuni ne ba na dariya ba.

Shaihu yana da ɗan ƙanwa, Sharhabilu, wanda aka haifa a Kaduna, can ya girma, can yake waƙe-waƙensa na fiyano. Ya zo gaisuwar Sallah da farar shadda da tabarau, ya durƙusa, ya ce Kawu ya yi masa waƙa ɗaya ya ajiye a waya don tarihi. Shaihu ya ji daɗi, ya ɗauko ganga, ya yi masa wadda ya fi ƙauna, ta Garba na Mandera.

Garba manomi ne da ba a yi kamarsa ba a ƙasar Shagari, ya rasu shekara tara ke nan. Yana kwance ciwon ajali ya kama hannun Shaihu a gabana, ya ce kada ya bari sunansa ya bi shi kabari. Shaihu ya yi masa alkawari cewa muddin ana gayya, za a ji sunan Garba. Waƙar tana farawa ne haka:

Garba na Mandera, sarkin kalme,
Rana ta yi tsaka, kai ba ka ɗago ba.

Kalme dai shi ne abin da mutanen gabas suke kira fartanya. Ko akuyar garinmu ta san wannan.

Asabar ta farko a Yuni mai gabatarwa ya ce ga sabon zakara. Kiɗan ya taso, muka dubi juna, don namu ne, an dai cire ganga an sa abin da yake ƙara kamar gwangwani. Sai muryar Sharhabilu, an matse ta da na'ura har tana rawa:

Masoyinki ne sarkin kalma,
Rana ta yi tsaka, ban daina kiranki ba.

Na ji kamar na haɗiyi ƙuda. Na karɓi wayar Shaihu na kira Sharhabilu, na miƙa wa Shaihu.

"Sharhabilu, mi nij ji ga rediyo?" in ji Shaihu. "Kalme nic ce maka."

"Ai gyara maka na yi, Kawu," in ji Sharhabilu yana dariya. "Ku Sakkwatawa kuna lanƙwasa harshe. Kalma ake cewa a daidaitacciyar Hausa."

"Kalme, ɗan ga. Abin noma. Wanda kakanka yat tsufa da shi ga hannu."

Sharhabilu ya ce to ai yanzu ta riga ta fita, mutane kuma sun karɓa. Shaihu ya tambaye shi ina Garba. Ya ce wane Garba? Da aka tuna masa, ya ce sunan bai hau kiɗan ba. Amma ya rantse in waƙar ta zama ta shekara, za a kira shi rediyo, a nan zai faɗi sunan Kawu da na Garba kowa ya ji.

Ni ban yarda ba, amma Shaihu ya yarda. Abin da ya fi ƙona mini rai, har cewa ya yi in nuna masa yadda ake aika saƙon.

Waƙar ta zauna sama kamar an kafe ta da ƙusa. Yuli, Agusta, Satumba. A Oktoba wata ta kaza da zabuwa ta ture ta na mako biyu, ban taɓa zaton zan yi wa waƙar kaza addu'a ba, amma na yi. Ta Sharhabilu ta sake dawowa. In ka shiga kasuwar Bodinga, mai shayi ita, mai cajin waya ita, ɗan kabukabu ita. A wani biki a Dingyaɗi na ga dattijuwa mai jikoki tana gyaɗa kai tana "sarkin kalma". An nuna mini bidiyon ma: Sharhabilu a gonar wani da farin takalmi, ya saɓa kalmen a kafaɗa, bakin ƙarfen yana kallon wuyansa.

Asabar ta ƙarshe a Disamba za a faɗi waƙar shekara. Shaihu ya yi wanka, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya zauna gaban rediyo kamar za a gan shi daga ciki. Aka jero zakarun wata-wata, da albasa da tarakta da saniya mai ciwo, sannan aka ce "Sarkin Kalma" ce ta lashe. Aka kira Sharhabilu. Ya gode wa Allah, ya gode wa mai sitidiyo, ya gode wa masoya na gida da na waje, har telansa ya gode wa. Da aka tambaye shi inda ya samo waƙar, ya ce ilhama ce ta zo masa yana cikin mota. Shaihu ya miƙe. Ya shiga gida ya cire rigar, ya fito ya ce mini ba komai, ai gayya tana nan.

Da damina ta zagayo, Maniru ɗan marigayi Garba ya kira gayyar noman farko a Mandera, a gonar da ubansa ya bari. Mazaje kusan arba'in suka jeru. Shaihu ya gyara ganga, ya buga, ya ɗaga murya yadda ya daɗe bai ɗaga ba:

"Garba na Mandera, sarkin kalme!"

Kafin in buɗe baki, samari suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Baba ya mance ta! Kalma a ka cewa!" Wani ya ce tsoho ya kwaikwayi waƙar rediyo ya ɓata. Aiki ya tsaya, ana ta surutu.

Na dubi Maniru, don shi ya san gaskiya, da waƙar nan aka yi goyonsa. Ya miƙe, kalmen ubansa a hannunsa, ya dubi hadarin da yake haɗowa ta gabas, ya matso kusa da Shaihu ya rage murya.

"Baba, ku yi haƙuri. Ku yi musu wadda sunka sani. Sun hi sauri da ita, ga ruwa na tahe."

Shaihu ya daɗe yana kallon kalmen. Sannan ya buga ganga, ya rera, da bakinsa, "Masoyinki ne sarkin kalma." Ya waiwayo yana jiran amshina. Shekara talatin ban taɓa barinsa a rataye ba, ran nan na rufe bakina. Bai ma buƙace ni ba, gonar Garba gaba ɗaya ta karɓa masa.