Kamshaf Mai Gudu

A garejin Alamin da ke bayan kasuwar Nguru akwai wani dogon benci a gindin darbejiya, inda masu mota suke zama su zuba wa bakanike ido har ya gama aiki. Haka aka saba a wurin: ba ka barin motarka bonet a buɗe ka tafi, kuma duk ƙarfen da aka cire, komai lalacewarsa, a bayan motarka ake jefa maka shi ka tafi da abinka. Bilya ne kaɗai bai taɓa zama a bencin nan ba. In ya kawo akori-kurarsa, sai ya cilla wa Alamin makulli ya wuce teburin mai shayi, har da ɗan taƙamarsa. Unguwa ɗaya suka tashi, iyayensu duka daga Haɗeja suka zo cin kasuwa suka zauna, kuma Alamin ne babban abokin ango ranar auren Bilya. In masu benci suka tsokane shi, amsarsa ɗaya ce: shi ba ya gadin ɗan'uwansa.

Motar Bilya tsohuwa ce mai shan fetur, ba ta da gudu ko kaɗan, amma wajen ja ba ta da na biyu. Kullum da sassafe yakan tafi Gashuwa, ya gangara fadama har bakin kogi, ya ɗauko buhunan tattasai da attaruhu na Hajiya Yakaka, wata dattijuwar 'yar kasuwa da ke saye a hannun manoma. Daga nan sai ya hau wani tudun rairayi da direbobi da yawa suke tsoro, ya fito kwalta, ya kawo kayan Nguru kafin manyan motocin Kano su gama lodi. Lodin Hajiya shi ne cinsa, shi ne suturar iyalinsa.

Ranar da ya kawo motar juyen mai, Alamin ya daɗe yana sauraron injin, ya karkata kai kamar mai jin gulma.

"Mutumina, ba ka gajiya da 'yan adaidaita suna wuce ka a hanyar Gashuwa?"

Nan kuwa ya taɓa masa inda yake ƙaiƙayi, don abin ya daɗe yana cin ran Bilya. Alamin ya shiga ciki ya fito da wata sandar ƙarfe mai ƙusoshi-ƙusoshi a jiki, tana ƙyalli.

"Kamshaf ke nan. Shi ke buɗe bawul ya rufe, wato shi ke koya wa inji numfashi. Iri biyu ne: akwai mai ja, irin wanda ke cikin taka, akwai mai gudu, irin wannan. Daga motar wani ɗan Alhaji mai wasan mota a biki na ciro shi, kuma injinku ɗaya. Ka zaɓa."

Bilya ya juya ƙarfen a hannu, bai ga komai ba sai ƙyalli. Ya yi tambayar da yake ganin ta ishe shi.

"In taka ce, wanne za ka sa?"

"Mai gudu," in ji Alamin, ko ƙifta ido bai yi ba.

Bilya ya cilla masa makulli ya tafi shan shayi. Da ya dawo ɗaukar mota bai leƙa baya ya ga ko an jefa masa tsohon ƙarfensa ba. Ko a ransa abin bai zo ba.

Gaskiya a kan kwalta motar ta zama wata aba. Salansar motar tana gurnani, yara suna juyowa kallo, kuma ranar farko Bilya ya wuce duk abin da ke da taya tsakanin Nguru da Gashuwa, baki har kunne. Sai dai ta daina silo, wato zama a kunne ba tare da an taka totur ba. In ya tsaya gaisawa da mutum, sai ta hau karkarwa kamar mai masassara, ta mutu. Mai kuwa ta shiga sha ba ji ba gani. A fadama abin ya fi muni, domin tudun rairayi ba gudu yake so ba, lallaɓawa yake so, ita kuma yanzu ba ta da ƙarfi sai an taka totur har ƙasa. In ya taka, taya ta tona rami. In ya sassauta, inji ya mutu. Ya koma wurin Alamin, aka ce masa sabon ƙarfe ne, sai ya saba da injin. Ya tambayi ina tsohon ƙarfensa, aka ce 'yan gwangwan sun kwashe.

Ya yarda, don bai san yadda ake ƙin yarda da Alamin ba.

Wata safiya motar ta kafe a tsakiyar tudun da cikakken lodi. Ya yi ta fama har warin kuloci ya cika wurin, hantsi ya ɗaga, tattasai ya fara laushi a cikin buhu. Hajiya Yakaka ta tako a hankali, ta dafa bodin motar.

"Bilya, ɗana, wannan karo na nawa ke nan? Motocin Kano ba sa jiran kowa. Ni ba ni da matsala da kai, amma tattasai bai san mutunci ba. Na kira wani."

Wanda ta kira ɗin Hizbullahi ne, ƙanin Alamin uwa ɗaya uba ɗaya, magidanci da bai daɗe da sayen akori-kura irin ta Bilya ba. Bilya ya san motar sarai. Lokacin da aka kawo ta ko kanta ba ta iya ja, har dariya aka yi ta yi mata a gareji. Yau ga ta ta gangaro, an juye mata buhunan Hajiya kaf, ta hau tudun a giya ɗaya, a natse, ba hayaniya, kamar jakin da ya san hanyar gida. Hizbullahi ya ajiye ta a sama, ya dawo da igiya don ya ja shi, fuskarsa cike da fara'a.

"Yaya Bilya, wallahi kunyarka nake ji, ban zo na yi godiya ba. Yaya Alamin ya ce ka gaji da kamshaf ɗinka, ka ce a sa min. Ya ce irinsa na asali ko a Kano an daina samu. Ka ga tun da aka sa, motar nan ba ta san rairayi ba. Allah ya saka da alheri."

Bilya ya tsaya da bakin igiyar a hannu. Ba ƙarya a idon Hizbullahi, godiya yake yi tsakaninsa da Allah, kuma wannan ne ya fi ciwo. Ashe ranar da Alamin ya karkata kai yana sauraron injin, ba ciwo yake nema ba, lafiyar ƙarfen yake aunawa. Ashe ya san abin da mai gudu zai yi a rairayi, kuma ya san lodin wa zai kuɓuce. Ba asarar lodin ce ta fi ƙona masa rai ba, sai tuna yadda ya zauna yana kurɓar shayi, yana ba mai shayi labarin amincinsu, a daidai lokacin da ake kwance masa mota.

"Amin," kawai ya ce, ya durƙusa ya ɗaura igiyar.

Bai nemi a dawo masa da ƙarfen ba, don bai ga yadda zai ƙwace abin da aka riga aka yi masa godiya a kai ba. Ya zagaya shagunan kayan mota da ƙafarsa har ya samu wani kamshaf mai ja, ba na asali ba, ya naɗe shi a tsumma. Duk Nguru ba wanda ya san cikin injin nan kamar Alamin, don haka can ɗin dai ya nufa.

Alamin ya ga tsumman, ya ga fuskar Bilya, ya sunkuyar da kai yana goge sifana da ba ta da datti.

"Kawo makullin, mutumina. Je ka sha shayi, kafin azahar na gama."

Bilya ya miƙa masa makullin hannu da hannu. Ya juya ya nufi gindin darbejiya, wani dattijo cikin masu mota ya matsa masa wuri. Ya kakkaɓe ƙurar bencin ya zauna, ya fuskanci bonet.

"Fara, ina kallo," ya ce. "Wanda ka cire kuma ka sa min a bayan mota."