Karyar da Ta Haihu a Kan Farin Yadi

Mai Labule mace ce da ko ƙuda ya sauka a bakin kofinta sai ta zubar da shayin. A shagonta ba mai taɓa yadi sai ya nuna mata tafin hannunsa. To ita ce tafiyar saro kaya ta kai ƙasar da ƙaninta yake zaune, ta iske gari cike da karnuka marasa iyayengiji.

Tun safiyar farko ta fara cin karo da su. Suna kwance a ƙofar gidan burodi, a tashar bas, har bakin kantin magani, sun baje kamar gidan ubansu, mutane masu kwat suna tsallake su. Akwai wani ja mai gyambo a gadon baya, ƙudaje na binsa, yawu na dalala daga bakinsa. Tana kallo wata tsohuwa ta durƙusa, ta riƙe kansa da hannu biyu, ta sumbace shi a hanci, sannan ta miƙe ta ɗauki burodinta da hannun nan.

"Auta, abin da na gani kai ma ka gani?"

Ƙanin nata mai gyaran firji ne, ya daɗe a garin har gemunsa ya fara furfura, amma har yanzu Auta take ce masa.

"Yaya, ba sa cizo fa. An yi musu allura, ga alamar nan a kunnensu."

"Ni na ce maka cizo nake tsoro? Ƙazanta nake faɗa maka."

Ta tattare bakin rigarta, ta riƙa taka titi kamar mai tafiya a kan ƙaya.

Abin da ya kawo ta farin yadi ne mai zaren azurfa, wanda wata mai gidan saukar baƙi ta nace mata a kansa. Sun sha yawo kafin su same shi a wani sito da ake sauka cikinsa ta matakala, kuma bandir ɗaya ya rage, naɗe a jikin dogon bututun kwali. Mai siton, wani ƙato mai fara'a, ya warware mata bakinsa ta duba, ya kwantar da shi a ƙarƙashin matakalar, ya ce su dawo washegari a ɗaure musu.

Da suka dawo, wari ne ya fara tarbar ta, wani irin ƙarni mai ɗumi. Mai siton kuwa baki har kunne, yana yafito su da hannu yana zuba yarensu.

"Me yake cewa?"

Auta ya sosa ƙeya. "Wai mu zo mu ga abin arziki."

Wata baƙar karya ce kwance a kan yadin da aka warware. Ta tattara shi ta yi shimfiɗa, ta haihu a kai. Farin ya koma jini-jini da wani kore-kore mai yauƙi, 'ya'yan suna ta mutsu-mutsu a cikinta, idanu a rufe, ita kuma tana tauna wani abu da Mai Labule ba ta so ta san ko mene ne ba. Ta toshe hanci da gyale.

"Ka ce masa ya ɗauke ta."

Auta ya faɗa. Fara'ar mutumin ta ɗauke. Ya ce mai jego ba a tashinta, sai dai a jira 'ya'yan su buɗe ido, sannan ya yanke inda ya ɓaci ya ba ta sauran.

"Sauran? In rataye wa mutane shimfiɗar karya a taga?"

Kafin Auta ya fassara, sai suka ji wani siririn kuka daga wani wuri daban. Karyar ta ɗaga kai tana shinshina bakin bututun. Ashe ɗaya daga cikin 'ya'yan ne ya rarrafa ya shige ciki, ya yi nisa. Mai siton ya zura hannu, bai kai ba. Auta ya naɗe hannun riga ya durƙusa a cikin ƙazantar nan, ko a jikinsa, shi ma bai kai ba.

"Yaya, sai mun ɗaga bandir ɗin. Don Allah ki tare ɗaya bakin, kada ya faɗo a kan siminti."

"Ni?"

"Ba kowa sai ke. Mu biyu ne za mu iya nauyinsa."

Ta so ta juya ta hau matakala. Kukan ne ya hana ta, don ya fara shaƙewa. Ta matsa tana tsaki, ta shimfiɗa bakin rigarta a ƙarƙashin bututun, ta kau da kai. Suka ɗaga. Abin ya sulalo ya faɗo mata a riga, jiƙe, da ɗumi, yana motsi. Danshin ya ratsa yadi ya taɓa cinyarta. Ba ta yar da shi ba. Ta sunkuya ta zazzage shi kusa da uwar, karyar kuwa ta lashe ɗanta, ta juyo ta zura dogon harshe ta lashe mata bayan ƙafa, tun daga yatsu har idon sawu.

Ba ta san lokacin da ta kai titi ba. A gindin wata bishiya ta amayar da duk abin da ta karya da shi.

Da ta samu kanta ta ce ƙasa take so, ta wanke ƙafar. Garin duk kwalta ne da siminti, ƙasar da ake gani sai ta gindin bishiyoyi. Ta sunkuya za ta ɗiba, sai ga jan karen nan mai gyambo ya zo bishiyar gaba ya ɗaga ƙafa. Ta miƙe ta bar wurin. A ƙarshe, da suka koma gida, tukunyar furen matar Auta aka juye mata a banɗaki, ta yi ta dirzar ƙafa har fatar ta yi ja. Rigar kuwa ta ƙulle a leda ta ce a kai bola.

Da matar Auta ta kawo abinci, shi ya miƙa hannu zai zuba mata.

"Bar shi, ƙanwata za ta zuba. Kai ka je ka yanke farcenka tukuna."

Ba ta koma siton ba. Ta sayi yadi ruwan toka a wani kanti da ke hawa na sama, bayan ta sa Auta ya leƙa ƙarƙashin kowane tebur. Da ta koma ƙasarsu, mai gidan saukar baƙin ta yi ta ƙorafi cewa fari ta ce, Mai Labule ta ce mata farin ya ƙare, in ruwan tokar bai yi mata ba ta bar shi. Matar ta juya yadin, ta ɗaga shi a haske, ta ce a ɗinka.