Makarantar da Baba Ya Kushe

Ranar da saƙon jami'a ya shigo wayar Auta, babanta mai gyaran firiji, wanda kowa ke kira mai firiji, yana tsakar gida yana wanke baƙin mai daga hannunsa. Ya ji yarinyar ta yi shiru, irin shirun da ba halinta ba, sai ya ɗago kai.

"Sun ɗauke ki?"

"Ba su ɗauke ni ba, Baba. Ba su kuma ce a'a ba. Wai ina cikin masu jira. In wani ya fasa zuwa, sai su kira ni."

Da murmushin yaƙe ta faɗa. Jami'ar nan ba kowa take ɗauka ba, dubbai ke nema duk shekara, 'yan ƙalilan ke shiga. Auta kuwa tun tana ƙarama take zana gidaje a bayan kwalayen da yake kawowa daga shago, tana cewa can za ta koyi zanen gine-gine. Ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Har abinci ya huce ba ta fito ba.

Shi mai firiji, Allah bai yi shi da iya lallashi ba. In abu ya lalace ya san ya kwance shi ya duba, amma kukan 'ya ba shi da murfin da ake cirewa. Ya kai ya kawo a tsakar gida, ya gyara zaman bokitin da ba abin da ya same shi, daga ƙarshe ya tsaya bakin ƙofarta ya yi gyaran murya.

"Ke, wai a kan wannan makarantar kike zubar da hawayenki? Ni fa na shiga cikinta da ƙafata."

Wannan kam gaskiya ne. Shekarun baya an taɓa kiransa gyaran na'urar sanyaya ɗaki a laburaren jami'ar, ya wuni a can. Abin da ya biyo baya ne babu gaskiya ko ta ƙwayar zarra.

"Bango duk ya tsattsage, har hannu za ki zura. Makarantar da ta kasa riƙe bangonta ce za ta koya miki gini?"

Daga cikin ɗaki ya ji wata 'yar dariya, gajeriya, haɗe da jan hanci. Shi ke nan, mai firiji ya samu magani.

Tun daga ranar bai ƙara barin jami'ar nan ta huta ba. Da safe wajen shan shayi zai ce famfunan ɗakin kwanan ɗalibai iska kawai suke fitarwa. Da yamma zai tuno cewa ya ga ɓera ya ratsa ta kan teburin wani babban malami, malamin ko ɗaga ƙafa bai yi ba, don sun saba. Ɗaliban kuwa, in ji shi, duk sun rame sun yi zuru-zuru, in ka yi musu sallama sai su amsa da lissafi. Ɓeran nan kullum ƙara girma yake, har ya kusa kai kyanwa.

Mai askin da ke maƙwabtaka da shagonsa ya karɓi labarin hannu bibbiyu, duk kan da ya zo ƙarƙashin askarsa sai ya tashi da shi. Matar mai firiji ce kaɗai ba ta dariya.

"Malam, ka rage gishirin nan," ta ce masa wata rana tana ninke kaya. "Yarinyar nan maganarka take ɗauka kamar karatu."

"To ba ga shi tana cin abinci ba? Ki bar ni da aikina."

Kuma da gaske Auta ta warware. Ta je ta yi rajista a ƙaramar kwalejin da ke bayan tashar mota, inda da ƙafa ma za ta iya zuwa. Ta daina duba waya kowane lokaci. Wata rana ya ji ta tana ba ƙawarta labarin ɓera, da irin muryarsa, ya ji daɗi har cikin ransa. A ganinsa ya yi gyaran da ba a dawo masa da shi ba.

Kiran ya zo wata rana da hantsi, Auta ta kawo masa abinci shago. Yana durƙushe bayan wani tsohon firiji yana ɗura masa gas, wayarta ta yi ƙara. Ya ji tana cewa, "Eh, ni ce." Sai shiru. Sai kuma, "Kafin ƙarshen mako? To. Na gode. Zan yi tunani."

Ya leƙo da kai. "Wa ke nan?"

"Jami'a. Wai wani ya fasa, gurbi ya samu."

Mai firiji ya miƙe har ya buga ƙeya da kantar shagon. Bai ji zafin ba. Bakinsa ya ƙi rufuwa, ya fara laluben tsumman goge hannu don ya kama hannunta.

"Ba zan je ba, Baba," ta ce, tana jera masa kwanoni a kan benci. "Me zan je yi wurin da ko ruwa babu?"

Mai aski, wanda kunnensa bai taɓa barin magana ta wuce ba, ya leƙo da almakashi a hannu. "Ai kin yi hankali, 'yata. Ɓera ya cinye mana ke?"

Mai firiji ya harare shi harara mai kyau. Abincin ranar ko rabi bai ci ba.

A gida ya kai ƙara wajen matarsa, ita ko ɗago kai ba ta yi ba. "Kai ka ɗaura, kai za ka kwance. Ni na yi magana tun da wuri."

Ya fara gwada janyewa a hankali, kamar mai fitar da mota daga lungu da baya. Ya ce ai an daɗe, wataƙila sun yi gyara. Auta ta ce bangon da hannu ke shiga ba ya gyaruwa, sai dai rushewa. Ya ce ɓera ai ko'ina akwai shi. Ta ce ba irin wannan ba. Duk abin da ya jefa sai ta dawo masa da shi, da kalmominsa, ba ta rage ko ɗaya ba. Kwanaki suna tafiya, shi kuwa tsoro ya kama shi sosai. Ya ga yarinya za ta rasa abin da ta yi shekaru tana nema, kuma bakinsa ne ya jawo.

Ranar ƙarshe da safe bai buɗe shago ba. Ya same ta a baranda tana wanke kofuna, ya jawo kujera ya zauna, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Auta, ajiye wannan ki saurare ni. Babu ɓera."

Ta ci gaba da cuɗa kofin da ke hannunta.

"Babu bangon da ya tsage. Famfo kuwa ban ma shiga ɗakin kwanansu ba, balle in murɗa. Duk ni na ƙirƙira." Ya juya hular da ke gwiwarsa. "Aikin da suka kira ni, kafin azahar na gama shi. Amma na ƙi sauka daga kan tsani. Na yi ta taɓa wayar lantarki ɗaya ina sakewa, don kawai kar a ce in tafi. Ban taɓa ganin wuri irinsa ba. Littattafai har sama, haske ta ko'ina, yara sun baza manyan takardu suna zane. Akwai wata da barci ya ɗauke a kan zanenta, fensir na hannunta. Lokacin ke kina aji biyu a firamare. Ina kan tsanin nan na ce, Allah ka kawo min tawa nan."

Auta ta ɗauraye kofin da ke hannunta, ta kife shi.

"Na sani, Baba."

"Kin san me?"

"Tun safiyar farko wajen shan shayi na san ba gaskiya ba ne. Kai fa in za ka yi ƙarya sai ka riƙa kallon silin."

Mai firiji ya yi tsuru. "To don me kike ta wahalar da ni?"

Nan idanunta suka kawo ruwa. "Saboda ƙaryar ta fi sauƙin faɗa. Baba, ba ni suka zaɓa ba. Sun duba ni sun ajiye a gefe. Sai da wani ya ce ba ya so, sannan aka tuna da ni. Duk wanda zan zauna da shi a aji ya fi ni, su da kansu suka auna. In na je na kasa fa? Gara a ce ni na ƙi."

Wannan bai taɓa zuwa masa a rai ba. Ya yi ta fama da ɓera, ashe ciwon yana wani wuri daban. Tausayinta ya cika shi.

"Ni ban san yadda suke awonsu ba," ya ce a hankali. "Amma in kin shiga aji, wa zai rubuta miki a goshi cewa daga baya aka kira ki?"

"Ni zan sani."

"To ki sani ɗin. Ki tafi da saninki. In kin je sun fi ki, ki dawo, ɗakinki ba inda za shi, kuma duk wanda ya yi miki dariya ni da shi ne, har mai aski. Amma kar ki zauna ki ce ni na hana ki. Wannan ba zan iya ɗauka ba, Auta. Wallahi ba zan iya ba."

Ta daɗe tana kallon ruwan kumfar da ke cikin roba. Uwarta ta fito daga kicin ta tsaya a bakin ƙofa. Can Auta ta goge hannu a jikin zaninta, ta ɗauko waya. Sau biyu tana danna lambar tana kuskure. Da aka ɗauka muryarta ta fito siririya, sai ta gyara ta.

"Ina kwana. Ni ce wadda kuka kira. Zan zo."

Uwar ta rungume ta, suka haɗu suna kuka suna dariya. Mai firiji ya mayar da hularsa, ya miƙe, ya ce shi bari ya je shago, mutane na jiransa. Har ya kai ƙofar gida Auta ta biyo shi da gudu.

"Baba, tsaya. Yanzu tsakani da Allah, duk wunin da ka yi a can, ba ka ga aibinta ko ɗaya ba? Na gaske nake nufi."

Ya tsaya, hannunsa a kan sakata. Bai juyo ba.

"Akwai guda ɗaya," ya ce. "Shi ne ban taɓa faɗa miki ba."

"Mene ne?"

"Tana da nisa, Auta. Tana da nisa ƙwarai."